Faifan Mahaifiyarta

Da rana tsaka Baffa ya watso kayan 'Yar Baba bakin titi. Jakar tufafinta ta buɗe, ɗankwalinta ya faɗa cikin kwata, maƙwabta kuwa suka fito suka jeru sai ka ce ana rabon kyauta. Ita dai tana durƙushe a ƙofar shagon mahaifinta, hannu biyu a ka, tana cewa, "Baffa wallahi ban taɓa su ba... Baffa ka tsaya ka ji ni!" Bai tsaya ba. A hannunsa akwai faifan garmaho wanda fuskarsa ta narke ta yi danƙo, layukan da allura ke bi duk sun shafe, ga wasu irinsa tuli a kan teburi. Ya ɗaga shi sama don kowa ya gani, ya ce, "Ku dubi aikin marainiyar da na riƙe! Don na ce zan sayar da kayan, shi ne ta zuba musu abin da ta zuba. Baƙin ciki, ba komai ba!" Ɗansa, wanda unguwa ke kira Gayu saboda son ƙyalli, yana jingine da ƙofa yana girgiza kai, ya ce da idonsa ya ga fitowarta daga ɗakin faya-fayan.

Mahaifinta ya ƙare rayuwarsa ne wajen tara tsofaffin littattafai, da hotunan da aka buga tun zamanin kakanni, da faya-fayan waƙoƙin mutanen karkara. A cikin ƙurar shagon nan ta tashi, shi ya sa ake ce mata 'Yar Baba. Uwarta mawaƙiya ce, ta rasu tun tana goye. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar muryarta, aka buga faifan gwaji guda ɗaya tak, kamfanin ya rushe kafin a buga saura. Wannan faifan yana can saman kantar shagon cikin kwali, kuma 'Yar Baba ba ta taɓa jin sa ba, domin mahaifinta yakan ce duk sawa ɗaya sai allura ta ci wani abu daga jikinsa. "Bari ki ƙara hankali, sai mu zauna mu ji tare," in ji shi. Ajali bai jira ba. Da ya rasu ƙanensa, wato Baffa, ya karɓi makullin shago, mutumin da bai san bambancin faifai da murfin tukunya ba. Allah Ya taimaka, ɓarnar ba ta kai saman kantar ba, amma ga shi an raba ta da shagon da faifan gaba ɗaya.

Wata tsohuwa mai ɗinki a ƙarshen layin ce ta tsince mata ɗankwalin, ta kama hannunta ta ce, "Tashi 'yar nan, ɗakina bai fi ƙarfin tabarma biyu ba." Nan ta zauna tana ɗaura maɓalli tana guga. Ta je neman aiki wajen wani mai sayar da littattafai, abokin mahaifinta, ya ko ƙi haɗa ido da ita, ya ce kayansa ba sa son hannu mai zafi. Matan layi idan ta zo wucewa sai su janye 'ya'yansu. Zazzaɓi ya kwantar da ita har ta rame, ta zama sai idanu. Ranar da ta fara miƙewa, Mai Ɗinki ta aike ta sayen sabulu, mai kanti ya naɗe mata shi a wata takarda rawaya mai laushi. Tana taɓawa ta gane ta... shafi ne daga littafin da mahaifinta ba ya bari a buɗe sai an wanke hannu! Ashe Gayu a sikeli yake auna littattafan yana sayar wa masu kanti. Ta tsaya a tsakiyar titi da sabulu a hannu tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Da ta koma gida ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah Ka san ban yi ba. Ban roƙe Ka shago ba, ban roƙe Ka littafi ba, muryar uwata kawai nake son ji ko sau ɗaya."

Ana haka labari ya zo cewa wata malama daga gidan adana kayan tarihi za ta zo ta kwashe sauran faya-fayan. Mai Ɗinki ta ce kada ta je a ƙara ci mata mutunci, ita kuwa ta ce mutuncin nawa ya rage. Ta yafa mayafi ta tafi, ta durƙusa a daidai inda aka watso mata kaya.

"Baffa ina wuni. Ba rigima ta kawo ni ba. A sa mini faifan Innata in ji, sai a tafi da shi."

"Kin ga Malama, ita ce wadda na ba ki labari," in ji Baffa. Ya juyo ya nuna ta da yatsa. "In kika ƙara buɗe baki a nan sai na sa an fitar da ke daga layin nan."

Hawaye suka zubo mata. Malama ta dube ta, ta nemi a sauko da kwalin. Baffa ya zaro faifan, ya ga ƙura ta dusashe shi, kunya ta kama shi a gaban baƙuwa. Dama da safe yana share bayan kantar ya tsinci kwalbar sifirit da ƙullin auduga, to sai ya jawo su, ya jiƙa audugar sharkaf yana cewa, "Bari in ɗan goge miki shi ya yi ƙyalli." Malama ta duƙa tana buɗe jakarta, ba ta gani ba. 'Yar Baba ta miƙe za ta hana shi. Sai ga Gayu ya yi tsalle daga inda yake ya cafke hannun ubansa.

"Baba kada ka sa! Narkewa zai yi, ya yi danƙo kamar waɗancan!"

Malama ta ɗago, ta ga audugar, ta karɓe faifan da sauri ta rungume. "Gaskiya ya faɗa, Alhaji. Irin wannan faifan sifirit narkar da shi yake yi nan take. Sai dai masu son su ga ya yi ƙyalli ba sa sanin haka sai sun gwada."

Baffa ya dubi kwalbar, ya dubi ɗansa. "Kai, ya aka yi ka san abin da ya narkar da waɗancan? Ba ce mini ka yi ba ka san me ta zuba ba?"

"Baba ni... gyara na so in yi, don su yi daraja. Na jera su na shafe su gaba ɗaya, kafin in juyo..."

"Ka bar ni na wulaƙanta 'yar ɗan'uwana a gaban duniya!" Baffa ya finciko makullin daga aljihun Gayu, ya tisa ƙeyarsa waje. Maƙwabtan nan dai su ne suka sake jeruwa, har mai kanti ya ɗaga murya yana tambayar ko akwai sauran takardun naɗe sabulu, nan Baffa ya ji labarin sayar da littattafan ma. Ya rantse Gayu ba zai sake taka shagon ba, kuma bai sake ba. Daga ranar babu mai ba shi ajiyar ko tsinke a layin.

Baffa ya dawo ya tsaya a gabanta, dattijo da furfurarsa yana kuka wiwi. "'Yar Baba ki yafe mini... na ci amanar yayana." Ya damƙa mata makullin. Ta ce, "Na yafe, Baffa," don ba ta iya riƙe mutum a zuciya ba. Malama ta ce kwafi kawai za ta ɗauka, faifan na mai shi ne, ta sa sabuwar allura a garmahon ta ce, "Zo ki ɗora da hannunki."

Ta ɗora. Aka ji ƙara shuuu, sannan kukan jariri, sannan wata mace ta yi dariya ta ce, "Au, har an fara? Don Allah a miƙo mini 'yata, in ba a jikina take ba ba zan iya waƙar ba." Kukan ya tsaya, waƙa ta fara.

'Yar Baba ta sulale ƙasa, ta kifa kanta a jikin teburin ta ce, "Na'am Inna... ga ni nan."