Zanen da Auta Ta Yi wa Kawu

Garin su Auta a bakin wani babban tafki yake. Duk ƙarshen mako sai baƙi su cika shi, da manyan huluna a ka da kyamarori a wuya. Su hau kwale-kwale, su ɗauki hoton tsuntsaye. Ko akuya ce ta gifta, sai sun ɗauke ta hoto.

A wurin hawa kwale-kwalen akwai wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Baƙi kan jefa abin da ya sawwaƙa a ciki. Da wannan gudummawar ake tafiyar da gidan koyon sana'a na masu lalurar ƙafa da kurame.

Kawun Auta ne babban malami a gidan. Ɗinkin takalma yake koyarwa. Tun yana yaro ba ya iya taka ƙafafunsa. Amma in ya murza kekensa na hannu, sai ka yi gudu kafin ka cim masa.

Wata Litinin Malama ta shigo aji ta ce, "Ruwan sama ya wanke allon da ke saman akwatin taimako. Ana son sabo. Wa zai zana mana?"

Duk ajin suka juya suka kalli Auta. Ta sunkuyar da kai wai ita kunya. Alhali tuni ta fara fiƙe fensir a ƙarƙashin tebur.

"To Auta, aikinki ne," in ji Malama. "Amma ki kawo mini in gani kafin a kafa."

Da aka tashi, Auta ta je bakin tafki ta auna allon. Wani mai sayar da huluna yana gefe yana kallonta.

"'Yata, in ba ki shawara?" ya ce. "Baƙin nan sai sun ji tausayi suke taɓa aljihu. Ki zana musu abin da zai sa su hawaye."

Maganar ta zauna wa Auta a rai. Fuskar da ta fi sani a duniya ita ce ta Kawu, don haka shi ta zana. Ta fito da gemunsa da wushiryarsa sak. Sai ta sa masa yagaggiyar riga, ta ɗiga masa hawaye biyu. Ta zana hannunsa a miƙe yana roƙo.

Ranar Juma'a da yamma ta gama. Ta ce a ranta, "In na jira Malama sai Litinin, baƙin gobe sun wuce ke nan." Ta kai wa mai gadin wurin sabon allon, ya buga masa ƙusa huɗu.

Ranar Asabar baƙi suka yi ta tsayawa gaban allon suna girgiza kai. Hannu ya yi ta shiga aljihu. Auta na tsaye daga nesa, kanta ya kumbura.

Ranar Lahadi da rana Kawu ya shigo gidansu. Bai kaɗa ƙararrawar kekensa ba, bai yi wa kowa wasa ba. Kwalin sababbin takalma na ɗaure a bayansa.

"Yaya, lafiya kuwa?" in ji Mama.

"Kira mini Auta."

Auta ta zo ta durƙusa. Kawu ya ajiye wata takardar kuɗi a gabanta.

"Takalman nan zan kai shagon otal," ya ce. "Wata baƙuwa ta tare ni a hanya. Ta ce ta gane ni daga allo. Ta shafa kafaɗata, ta ɗora mini wannan a cinya. A gaban ɗalibaina biyu."

Auta ta ɗago kai ta dube shi.

"Kawu, ni taimako nake so a samu."

"Na sani. Amma shekara ashirin ina ɗinki, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ke kika miƙa mini shi."

Ya juya kekensa ya fita. Auta ta fashe da kuka. Mama ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta zauna kusa da ita.

"Kin tambaye shi kafin ki zana shi?"

"A'a, Mama."

"Kin taɓa ganinsa da yagaggiyar riga?"

"A'a."

"To ƙarya kika yi masa da fenti. Share hawayenki, ki je ki gyara ɓarnarki."

Auta ta ruga bakin tafki. Ta ari guduma wurin mai gadi, ta cire allon da kanta. Kuɗin baƙuwar kuma ta jefa a akwati.

Washegari ta gaya wa Malama komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Malama ta yi mata faɗa sosai. Daga baya ta ce, "Ki je gidan sana'ar, ki zauna, ki buɗe ido."

Auta ta je. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kawu, ka yafe mini. Ka yarda in zana ku kuna aiki?"

Kawu bai ɗago ba. Sai da ya gama soka allura ya ce, "Tambaye su su ma."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yarda. Wata kurma mai ɗinka jakunkuna ta yi mata alama da hannu, wai ta jira ta gyara ɗankwali tukuna.

Kwana uku Auta tana zuwa bayan makaranta. Ta ga yadda Kawu ke yanka fata ba tare da ya auna sau biyu ba. Ta ga sababbin kekunan ɗinki da gudummawar baƙi ta saya. Ta ji warin gam, ta sha tsokana. Ashe gidan cike yake da dariya, ita ce ba ta taɓa zama ta gani ba.

Da ta gama zanen, sai ta fara kai wa Malama. Sannan ta kai wa Kawu. Ga shi nan a tsakiya, riƙe da hannun wani ɗalibi yana nuna masa ɗinki. A ƙasa ta rubuta: "Gudummawarku ta sayi kayan aiki. Hannayenmu suka yi sauran. Ku zo ku gani."

Kawu ya daɗe yana kallo.

"Kin ƙara mini girman kunne," ya ce. "Amma wannan kam ni ne. A kafa."

Asabar ɗin da ta biyo baya, baƙi suka jefa taimako a akwati kamar kullum. Wasu kuma suka tambayi hanyar gidan sana'ar. Auta ce ta shige gaba tana yi musu jagora. Wani dogon baƙo ya gwada takalmi, ya yi masa daidai, ya ce, "Wa ya ɗinka wannan?"

"Kawuna ne!" in ji Auta, da ƙarfin da har na bakin titi suka ji.

Tun daga ranar Auta ta riƙe abu ɗaya. In za ka taimaki mutum, kada ka taɓa mutuncinsa. Ka tambaye shi tukuna, kuma ka faɗi gaskiya a kansa.