Muryar Inna Saude

Abin nan wata Laraba ya faro, da hantsi. Sufeto Mujitaba na zaune a ofishin 'yan sanda na Bebeji yana fifita da hularsa, sai ga wata budurwa ta shigo, ido ya yi jawur.

Nabila ce, mai shafin nan na intanet da take ba da labarin tsohon garinsu, wanda ruwan madatsar Tiga ya cinye tun ba a haifi uwarta ba. Tsofaffi take bi, ta naɗi muryarsu a waya, ta rubuta, ta ɗora. 'Yan garin da suka watsu, har na Legas da na Makka, a shafin suke haɗuwa suna gardamar ina marina take, ina tsamiya.

"Yallaɓai, wayata aka ɗauke jiya."

"Wace iri ce?"

"Ba wayar ce damuwata ba. Hirar ƙarshe da na yi da Inna Saude tana ciki. Ban ɗora ba, ban ajiye ta ko'ina ba. Makon jiya ta rasu."

Sufeto ya mayar da hularsa ka. Shi ma kakarsa ta tafi bai riƙe ko kalma ɗaya da muryarta ba.

A zauren gidansu Nabila wayar take caji aka ɗauke. Ga cajar nan tana lilo a bango, a tabarma kuma ɓawon kifi na walƙiya.

"Ɓarawon da ya san waya ba ya barin caja," in ji Sufeto. "Wa kike zargi?"

"Hafizu. Shi ma shafi gare shi, babu mai leƙawa."

Hafizu kuwa, da aka kira shi, sai ya hau rantsuwa.

"Ni ko shafinta ban taɓa buɗewa ba!"

"To wa ya rubuta a ƙasan labarinta cewa tatsuniyar tsofaffi take sayarwa?"

Ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, ni fa na riga ta farawa. Sai kowa Nabila, Nabila."

Baƙin ciki kam akwai shi fal, amma jiya yini ya yi a kasuwar Kafin Maiyaƙi yana ɗaukar hoto, masu shaida da yawa. Hannunsa kuma ko ƙarnin kifi bai sani ba.

Sufeto ya gangara bakin ruwa, Nabila na biye. Kaltume mai suyar kifi ta yafito shi, tana waige-waige.

"Ɗan nan, ni dai ba ruwana da waya, amma garin nan sai addu'a. Jiya da la'asar na ji muryar marigayiya Saude raɗau, har da dariyar nan tata. Na kife kasko na gudu."

"Ta ina kika ji, Baba?"

"Ta rumfar Inusa."

Baba Inusa tsohon masunci ne, taubashin marigayiya, sun tsufa suna tsokanar juna. Suka tarar yana ɗinkin koma. Sufeto ya tsuguna ya gaishe shi, ya tambayi waya.

"Waya? Ni ko ta kira ba ni da ita."

Sufeto bai matsa ba. Ya zauna a gefen kwale-kwale, ya kalli ruwa, ya ce, "Allah ya jiƙan Inna Saude. An ce babu wanda ya san tsohon gari kamarta."

Wayyo, sai ka ce an taka wa tsoho ƙafa.

"Ita? Saude da ta ce ubanta ne ya haƙa rijiyar kasuwa? Ubana ya haƙa ta, ni nake kwashe masa ƙasa! Ita lokacin majina take sha!"

Nabila ta dafe ƙirji. "Baba, wannan maganar ban ɗora ta ba. A ɗakinta ta faɗa mini, daga ni sai ita."

Koma ta zame daga hannun tsoho.

"A ina ka ji, Baba?" in ji Sufeto a hankali.

Tsoho ya janyo goransa na kamun kifi, ya zura hannu, ya fito da wayar a naɗe cikin tsumma.

"Kullum jikoki su zo su karanta mini, Saude ta ce, Saude ta ce. Har daga Makka ana yi mata addu'a. Ni da na san kowane lungu, yarinyar nan ta ce za ta zo, ba ta zo ba. Jiya na bi ta gida, na ga abin a zaure, na zare. Na ɗauka in na jefa abin a ruwa, magana ta ƙare. Ina taɓa shi sai ga Saude ta hau surutu. Na rasa yadda ake kashe ta."

"Me ya hana ka jefawa?"

"Ta yi shiru da kanta, na ɗaga hannu, na kasa. Ita kaɗai ta rage da zan ce wa ƙarya kike."

Nabila ta karɓi wayar da hannu biyu, hawaye na zuba.

"Tashi mu je, Baba," in ji Sufeto. "Ƙara an riga an shigar, sai ka ba da jawabi a ofis."

Bai sa masa ankwa ba, hannu ya miƙa masa ya tashe shi. Sun kusa mota tsohon ya waiwayo.

"Ke Nabila! In kin ɗora tata, ki biyo ni da abin naki. Maganar rijiyar nan ba ta ƙare ba."