Mai Karanta Bayan Bango

Tabarau na durƙushe a bakin ƙofar falo, yana gyara gilashin da ya jawo masa laƙabin, Umma, mahaifiyar budurwarsa Auta, na kan doguwar kujera tana tsokanarsa wai ya rame tun kafin a ba shi mata. Auta ta sunkuyar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Shekararsu biyu tare, magana ta riga ta je gaban manya, sa rana kawai ya rage.

Tun da aka yi wa Umma aikin ido likita ya hana ta karatu, ita kuwa tsohuwar malamar makaranta ce, raba ta da littafi horo ne. Don haka kullum da yamma Auta ke karanta mata. Littattafan kuwa daga shagon hayar littattafai na Tabarau suke zuwa, wanda ke bakin titi tsakanin mai gyaran waya da kemis. Duk unguwar an sallama masa wajen iya zaɓe. Ka ce ka gaji da na soyayya, kafin ka rufe baki ya zaro maka na binciken kisa. Ka ce kana son abin da zai hana ka shiga banɗaki kai kaɗai, ga na ban tsoro mai kashi huɗu. Na tarihi, na almara, na barkwanci, kowanne yana da bayaninsa a baki.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, bawan Allahn nan ba karantawa yake ba. Bayan bango yake dubawa, ya leƙa shafin farko da na ƙarshe, ya kasa kunne ga surutun masu dawo da littafi, shi ke nan ya zama gwani.

Ranar da ya zo gaisuwar nan Umma ta ce ta gama mai kashi biyun nan na tarihi, tana son wani abu mara nauyi. Sai muryarta ta yi ƙasa.

"Ɗana, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka kawo min wanda uwa ke rasa ɗanta a ciki. Zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Ya san dalili. Wan Auta da take bi wa ya rasu a hatsarin mota shekara uku da suka wuce. Washegari ya aiko da wani labari mai kashi uku, bangonsa mutane ne suna ƙyaƙyata dariya a bakin wata motar haya. Har da saƙo a waya cewa ya karanta shi tas, dariya ce zalla daga farko har ƙarshe.

Kwana shida bayan nan yana jera littattafai a kanta Auta ta kira shi, kuka ya hana ta magana. Da ƙyar ya gane. A tsakiyar kashi na biyu ɗan mai motar ya mutu a hanya, marubucin kuma bai rage komai ba, har yadda aka kawo wa uwar takalminsa ƙafa ɗaya. Auta ta yi ƙoƙarin tsallake shafin, Umma ta gane, ta ce sai ta karanta. Kafin a kai ƙarshen babin jininta ya hau, kwananta biyu a asibiti.

Yaya, babban wansu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu, shi ya aika a kira shi. Tabarau ya taho. A hanya ya shirya ƙarya mai kyau, zai ce ya manta da wurin ne. Amma Yaya bai yi faɗa ba. Littafin kawai ya ajiye a kan tebur, ya tambaye shi wace sana'a uwar da ke cikin labarin take yi.

Gumi ya jiƙa wa Tabarau wuyan riga. Ta gefen labule ya hango Auta, idanunta sun kumbura, tana jiran ya wanke kansa. Ita ce fa take yawo da shi a baki wajen ƙawayenta, wai saurayinta ya karanta littafi ya fi dubu. Kunya ta rufe shi har ya ji ina ma ƙasa ta tsage.

"Ban karanta ba, Yaya," ya ce. "Ba shi kaɗai ba. Yawancinsu ban karanta ba."

Auta ta saki labulen. Yaya ya ce a dakatar da maganar aure, don wanda zai kalli idon tsohuwa ya yi mata ƙarya a kan littafi, bai ga abin da zai hana ya yi wa ƙanwarsa a kan abin da ya fi littafi ba. Tabarau bai iya ko ba da haƙuri da kyau ba. "Sori" ɗin da ya tura wa Auta ma shi kansa ya ji ta yi arha.

Bai tura kowa biko ba, bai yi ta naci a waya ba. Kujera ya ja a shago ya fara da littafin da ya jawo masa. Da ya kai wurin takalmin ya cire gilashi ya yi kuka, mai kemis ya leƙo ya ɗauka mutuwa aka yi masa. Daga nan ya bi littattafan da ke kanta ɗaya bayan ɗaya. In kwastoma ya tambaye shi wanda bai kai ga karantawa ba, sai ya ce bai sani ba. 'Yan makaranta suka mayar da shi abin tsokana, wasu suka koma wani shagon. Ya shanye, don ya san shi ya jawo.

Wata biyar ana haka. Auta ba ta kira shi ba, amma duk manemin da Yaya ya ambata sai ta ce a ƙara mata lokaci. Rannan da hantsi sai ga ta a ƙofar shago, ba ta yarda sun haɗa ido ba, ta ce Umma na kira.

Da ya isa gidan ya durƙusa, kansa a ƙasa. Umma ta ce tun da ya daina aike 'ya'yanta ke kwaso mata tarkace, me zai ba ta yanzu? Ya buɗe jakar littattafan da ya zo da ita. Ya ce ga na bincike, mai daɗi ne, amma akwai jini a babi na tara. Ga na soyayya mai kashi uku, na biyun yana da ja, sai an daure. Ga na barkwanci, babu mutuwa ko ta kaza, ya bi shi layi-layi har sau biyu.

"Wancan mai koren bango fa?" in ji Umma. Auta ta karanta mata sunan.

"Jiya ya zo, Umma. Ban karanta ba, ba zan ce komai a kansa ba."

Umma ta yi murmushi, ta juya wajen Yaya da ke tsaye.

"Ka ji abin da nake jira. Ka ce wa mutanensa su zo."

Auta ta ruga ɗaki da gudu. Tabarau kuwa ya kasa tashi, hawaye na ɗiga a kan littattafan.

Mutum ya ce "ban sani ba" kunyarta ta minti ɗaya ce. Wanda ya ari sanin da ba shi da shi don a yaba masa, wata rana zai cuci wanda ya fi yarda da shi, sai dai in Allah ya ba shi haƙurin gyarawa.