Tambaya ta Tara

A tebur na uku na ofishin inshora ya fara ganinta, tana faɗa da biron da ya ƙi rubutu.

"Inshorar rai nake so," ya ce, "saboda Mama. Aikina hawa turakun lantarki, in na faɗo kada ta shiga wani hali."

Ta miƙa masa fom. Yana ta cikewa har ya iso tambaya ta tara: ko kana da ciwon hanta? Sai hannunsa ya tsaya. Ya ce zai dawo.

Sau huɗu yana dawowa, tambaya ta tara tana nan ba a taɓa ta ba. A na biyar ta ce, "Malam, fom ka zo cikewa ko ni ka zo kallo?"

"Duka biyun, Tebur na Uku."

Sunan ya bi ta, soyayya ta biyo baya.

Ranar da ya fara zuwa gidansu ta kawo masa ruwa. Sai ya ciro wani shuɗin kofin roba daga jakarsa, ya zuba a ciki. Zuwa na biyu ma haka. Abin ya yi mata ciwo, ta tura masa saƙo:

"Mai Kofi, mu ma da sabulu muke wanke namu. In ƙyamarmu kake yi, ka faɗa."

Sai bayan kwana biyu amsa ta zo:

"Kaina nake ƙyama, ba ku ba. Ina da ciwon hanta, nau'in C. An ƙara mini jini ina yaro, can na samo shi. Shekara shida ke nan da aka gano, tun ranar aka ware mini kofi da cokali a gida. Ita ce tambaya ta tara. Ki yafe mini, ba zan ƙara zuwa ba."

A shekara shidan nan babu wanda ya tambayi likita ko kofi yana ɗaukar ciwon. Wata gwaggo ce ta faɗa, ya zama doka. Shi kuma kunya ta hana shi komawa asibiti, sai jiƙe-jiƙe yake sha a ɓoye.

Ta gaya wa Babanta gaskiya. Baba ya cire tabarau.

"Ciwon 'yan shaye-shaye ne. Mutumin da kamfaninku bai yarda da ransa ba, ni zan ba shi 'yata? Ga ɗan abokina nan ma'aikacin banki, lafiyarsa ƙalau."

"Baba, kamfani bai ƙi shi ba. Shi ne ya kasa kai fom ɗin."

Washegari ta same shi a wurin aiki yana naɗe waya. Ya kasa ɗaga kai.

"Rubuta eh," ta ce, ta ɗora fom a kan akwatin kayan aikinsa. "In ka yi ƙarya aka gano, Mama ce za ta tashi a tutar babu."

"In suka ƙi ni fa?"

"Su ƙi. Ni dai ban ƙi ba, abin ƙaunata. Rubuta, mu tafi asibiti."

Likita ta ce ta jini ake ɗauka, ba ta kofi ba, kuma akwai ƙwayar da ake sha wata uku, yawanci a warke. Ya rufe fuska da hannuwa, ya daɗe a haka.

Kamfani ya ce a jira sakamako. Ya shanye magani, aka jira wasu watanni, aka sake gwaji, jini ya fito fes. Sannan takardar amincewa ta zo.

Ya kai wa Baba takardun biyu, ta asibiti da ta kamfani. Baba ya karanta sau biyu. Aka kawo ruwa, hannun saurayin ya shiga jaka kamar yadda ya saba, ya fito da shuɗin kofin.

Baba ya karɓe shi, ya cika da ruwa, ya shanye tas.

"Na yi maka mummunan zato, ɗana, ka yafe mini," ya ce, idonsa a ƙasa. Ya juya ga 'yarsa. "Ke, kawo masa na gilashi. Kai kuma ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure, iyaye suka sa albarka. Mama ta yi ta kuka, rabi na murna, rabi na cokalin da ta ware wa ɗanta shekara shida.

Shuɗin kofin yana nan a kan tebur na uku, amarya tana zuba biro a ciki. Allah ya ba su lafiya mai ɗorewa da zuri'a mai albarka.