Sifirin da Ya Kusa Kashe Garkar Inna

"Sifiri hwa kika ce, Rahmatu? Sifiri!"

Bilal ya tsaya a zauren gidan su Rahmatu da ke Sabon Gari, hula a hannu. Ita kuwa ta rungume ordinatar, wato kwamfutarta ta aiki.

"Wallahi sau shidda na sake lissafin, masoyina. Yaran matan da ke da garka da na marasa ita, nauyinsu ɗaya..."

"In kika miƙa rapor ɗin ga, masu porje za su ɗauke injin ban ruwa! Garkar Innata ce hwa! Da wane ido za ta dube ki?"

"To in yi ƙarya?"

Ya sa hularsa, ya fice.

Masu porje, wato ƙungiyar da ke tallafa wa garkar, su ne suka ɗauke ta aiki, ta auna musu ko garkar matan Jiratawa tana ƙara wa ƙananan yara lafiya. Miƙa rapor, wato rahoton binciken, ranar Litinin, ɗaurin aurenta da Bilal saura wata guda. Yarinya ce mai kunya, amma ba ta iya ha'inci ba.

Washegari ta hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Jiratawa. Gara Inna Atika, mahaifiyar Bilal, ta ji daga bakinta.

Ta tarar da Inna tana tsinkar zogale. Ta durƙusa, ta gaishe ta. Sai idonta ya kai kan wata matashiya mai ban ruwa, gaban rigarta jiƙe da nono.

"Baiwar Allah, ina jaririnki?"

"Yana gida wurin kakarsa. Sai la'asar."

Inna ta yi tsaki. "Haka muke duka. Tukunya ta cika da ganye, amma uwa ba ta gida. Wa zai kawo jinjiri cikin ranar ga, ba inuwa?"

Rahmatu ta miƙe zumbur. Ai ta tambayi matan awa nawa suke barin yaransu, ta rubuta, ba ta taɓa sa shi a lissafi ba!

Nan bakin kwalbati ta buɗe ordinatar. Ta raba lissafin gida biyu. Ta wajen abinci, garka na ƙara wa yaro nauyi sosai. Ta wajen rashin uwa, tana rage shi kusan daidai haka. Ɗaya ta danne ɗaya.

Ta fashe da kuka, ta faɗa wa Inna komai.

Inna ta ajiye zogalen. "Wato bijimai biyu aka ɗaura wa amalanke, ɗaya gabas, ɗaya yamma. Bai motsa ba, sai ku ce shanun ba su da ƙarfi?"

"Haka ne, Inna..."

"To tahi ki hwaɗa musu."

Ranar Litinin a gaban masu porje Rahmatu ta ce kada a taɓa injin, a kafa rumfar yara a bakin garka. Suka yi ta tambaya har azahar. Suka yarda a gwada shekara guda.

A waje Bilal na tsaye, kansa a ƙasa.

"Ki yafe mini, rabin raina. Tsoro ne ya..."

Inna Atika ta ture shi gefe da gwiwar hannu.

"Kauce, sarkin tsoro. Bari in ga ɗiyata."