Gurbin Shida Saura Kwata

Dutsen farko ya faɗo kan rufin gidan Ghassan Tannir a unguwar Coburg gab da magariba, matarsa Rima tana yanka albasa a kicin. Bayan minti goma sha biyar na biyu ya faɗo, bayan wasu sha biyar na uku. Ghassan ya dubi agogo, ya ajiye cokali. Aikinsa ke nan a wani gidan tarihi da ke tsakiyar Melbourne: shi ke tsara lokacin shiga, mutum sittin duk kwata, wanda ya makara tikitinsa ya mutu.

Kwana huɗu ana jifa. A na biyar 'yarsu Lamis, mai shekara sha biyar, ta tsaya a ƙofar falo ta tare uwarta da hannu. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce.

"Lokacinki bai yi ba. Koma layi."

Daga ranar ta daina cin abinci.

Shaihu Wafiƙ, dattijon da ke ruƙiyya a masallacinsu, ya zo ran Juma'a da yamma. Ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, har ana jin ƙugin firij. Can Lamis ta ɗago kai.

"Wane ne kai?" in ji Shaihu.

"Tambayi mai jadawali. Ina ɗakin ƙasa na gidan tarihin da yake aiki tun ba a haifi kakansa ba. Duk wanda ya riƙe ƙofa yana bar mini shida saura kwata, ba mai shiga, in fito in sha iska. Wannan ya zo ya ga gurbi a kwamfuta, ya cusa mini mutum sittin da wayoyinsu. Har yabo ya samu."

Gaskiya ne. Wata tsohuwar mai gadin gidan tarihin ta taɓa ce masa a bar lokacin, ya tambaye ta a wace takarda aka rubuta.

"Abu Lamis, haka aka yi?" in ji Rima a hankali. Bai dube ta ba.

"Yarinya ba ta yi maka laifi ba," Shaihu ya ce. "Ka ji tsoron Allah, ka fita."

"A mayar mini da kwatana. In ba haka ba, gidan mai jadawali gidana ne, ko wane ne shi."

Lamis ta sulale ƙasa, ta farka tana neman ruwa.

Ran Litinin Ghassan ya roƙi shugabarsa a rufe gurbin. Ta yi dariya. "Haba Ghassan, layi har bakin titi, kuma kai ka gano gurbin! Ba ni dalili ɗaya." Ba shi da dalilin da zai faɗa a ofis. Ya rubuta takardar barin aiki.

Aka ba Callum jadawalin, abokin aikinsa na shekara tara, mai 'yan biyu mata da Ghassan ya sha ɗauka a kafaɗa. Da yamma Callum ya bugo waya cikin murna.

"Mutumina, akwai abin da ya kamata in sani?"

Ghassan ya dubi Lamis tana cin shinkafa, faranti na biyu.

"Babu," ya ce. "Komai yana cikin kwamfuta."