Hoton da Bai Buɗe Ba

Ranar da Wumbei ya fara ganin Napari, yana durƙushe ne a bakin rami, yana haɗa wayar intanet da kamfaninsu ke binnewa a gefen titin Yendi. Ta sauke masa kokon da ya saya, amma ba ta tafi ba.

"Malam mai rami, idan kun gama, mu ma za mu samu?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta ƙarƙashinku za ta wuce, zuwa birni."

"To ku dinga tafiya a hankali, kada ku tashe mu daga barci."

Dariyar da ya yi ita ce mafari. Da ya ji tana son shiga makarantar jinya, amma cike takardar sai ta intanet, shi ya cike mata a kwamfutarsa. Tun daga nan yake kiranta Likitata.

Gwaggo Sanatu, ƙanwar babanta da ta rene ta, ba ta so wannan soyayya ba. "Masu bin titi ba su da gari, 'yar nan. Ga Ziblim mai a-daidaita, gidansu muna gani."

Bayan wata biyu aiki ya kai su Wumbei can bakin iyaka. Ƙauyen su Napari ba sabis, sai ranar kasuwar Yendi take samun ganin saƙonsa, bayan kwana shida-shida.

"Likitata, yau na sha koko, amma ba naki ba ne. Ki yi haƙuri da ni, kakar gyaɗa zan turo manya."

Takan karanta har ta haddace.

Wata ranar kasuwa, tana cikin a-daidaitar Ziblim, sai ya ce mata, "Na ga mutuminki a Tamale, gidansu cike da jama'a da rumfuna. Ba a gayyace ki ba?"

A kasuwa hoto ɗaya ya shigo, dishi-dishi, ya ƙi buɗewa: Wumbei zaune, mace da farin mayafi ta jingina da kafaɗarsa. Ta ɗaga wayar sama, ta zagaya, sabis ya ɗauke. Da ya dawo na ɗan lokaci, sai ta rubuta masa:

"Na gani. Ina taya ka murna. Allah ya sa an yi a sa'a."

Ta cire layin ta ƙulle a bakin zane. Ta daina cin abinci sosai, ta rame, kullum tana tuƙa man kaɗe tana share hawaye da gefen hannu.

Sai bayan kwana arba'in ta je shagon intanet a Yendi duba sakamakon makaranta. An ɗauke ta. Ta mayar da layin don ta gaya wa yayanta, sai saƙonni suka yi ta zubowa. Hoton ya buɗe tar: zaman makoki ne, matar kuwa ƙanwarsa ce, kamar yadda ya rubuta a ƙasan hoton.

"Likitata, Inna ta rasu da safiyar nan. Ke kaɗai nake so in ji muryarki."

Na ƙarshe kuma: "Murna, Napari? Me na yi miki?"

A nan ƙasan shagon ta zauna tana kuka. Da ta koma gida ta karanta wa Gwaggo, tsohuwar ta ce, "Ɗauko mayafina. Ba a barin maraya da irin wannan magana."

Sun same shi a tsakar gidansu a Tamale, ya zabge. Ya gaida Gwaggo har ƙasa, amma bai kalli Napari ba.

"Hoton ne bai buɗe ba," in ji Napari.

"Na san halin sabis ɗinku, ni na binne wayar na wuce. Amma ni ba ki san halina ba?"

"Na yi kuskure. Ka yafe mini."

Sai a lokacin ya dube ta. "Inna ta so ganinki. Kullum sai ta ce, yaushe za a kawo mata likitar."

Suka yi kuka tare, Gwaggo ma ta juya baya tana goge ido.

Bayan kakar gyaɗa kawunnansa suka kai goro, aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Gwaggo ta kama hannunsa ta ɗora a kan nata.

"Ba ka da uwa yanzu, ɗana, to ga ni. Ku je, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin ƙanku."